Amsa ga ƙanena mai son zuwa Saudiyya karatun sanyayyar iska

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka: ka gama digirin fiziks a Kano, kana son zuwa nan Saudiyya digiri na biyu a kan yadda igiyoyi irin na saman ruwa ke fitowa a cikin iskar da aka sanyaya matuƙa idan ana girgiza ta a kai a kai. Wallahi na ji daɗi, don fagen yana da daɗi kuma namu ba su cika shigarsa ba.

Fara da abin da ke hannunka. Ɗora kwanon ruwa a kan janareta yana aiki, ka duba saman ruwan: za ka ga zane-zane sun tsaya cak. Masanin kimiyya Michael Faraday ya bayyana waɗannan igiyoyi, da ake kira da sunansa, tun 1831, ya kuma lura cewa ruwan na kaɗawa sau ɗaya ne a duk girgiza biyu. A 1995 masana fiziks Cornell da Wieman, a Colorado ta Amurka, suka sanyaya iskar ƙwayoyin zarra na sinadarin rubidiyam har kusan nanokelbin 170, wato dab da ƙarshen sanyin da zai yiwu, sai ƙwayoyin suka dunƙule suna motsi tamkar ƙwaya guda, abin da Bose da Einstein suka hango tun shekarun 1920. A 2007 Peter Engels da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Washington suka riƙa matse tarkon maganaɗisun da ke riƙe da irin wannan iska suna sakinsa, sai ga igiyoyin Faraday sun jeru a jikinta. Abin da ka gani a kwano, shi ne ya sake bayyana a can.

To, ga gaskiyar magana. Ɗakin gwajin wannan aiki na cin kuɗi: leza, bututun da aka zuƙe wa iska, maganaɗisu. Ƙofar da ta fi buɗe maka ita ce ta lissafi da kwamfuta. Ka riƙe lissafin Gross-Pitaevskii, mai bayyana motsin wannan iska, da na Mathieu, mai bayyana abin da ake girgizawa a kai a kai, da kyau, ka iya Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, har hannunka ya faɗa. Jami'ar KFUPM a Dahran na da sashen fiziks, jami'ar KAUST a Suwal kusa da Jidda na da babbar kwamfutar Shaheen, kuma duka da Turanci ake karatu.

Kafin ka cike fom, rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka, ka tambaye shi kai tsaye ko yana wannan bincike. Kuma don Allah kar wani ya ruɗe ka da bizar Umara wai idan ka iso sai ka nemi gurbi. Takardar karɓa daga jami'a ce ke kawo biza, biza ta kawo iƙama, wato takardar izinin zama. Turo min takardar sakamakonka mu duba tare.