Idan ɗan fari ya zo da sikila, ƙannensa sun tsira ke nan?

Tambaya: Likita, ni ɗalibar koyon aikin jinya ce a nan Sakkwato. A ɗakin yara na haɗu da wata uwa, ita AS mijinta AS, ɗansu na fari SS. Ta ce ai ɗaya cikin huɗu ne, don haka uku masu zuwa lafiya lau. Na rasa me zan ce mata. Kuma me ya sa yaron bai nuna komai ba sai da ya kusa wata shida?

Amsa: 'Yata, wannan lissafin ya yaudari mutane da yawa, har da wasu masu farar riga. Ɗaya cikin huɗun nan ba rabon gado ba ne, da za a ce wane ya kwashi nasa saura sun huta. Kowane ciki da nasa: kashi 25 cikin ɗari SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ana iya haifar SS uku a jere, ana iya haifar shida ba ko ɗaya.

Ni idan zan yi wa uwa bayani, kwano biyu nake ajiyewa, nata da na maigidanta, kowanne da ƙwayar wake fara ɗaya da ja ɗaya. Ta rufe ido ta zaro ɗaya-ɗaya. Ja biyu, SS ke nan. Sai in mayar da waken in ce ta sake. Mayarwar nan ita ce darasin, kuma nan take za ki ga fuskarta ta canza.

Don jarrabawarki: matsalar tana kan kuromosom na 11, inda amino acid (tubalin furotin) mai suna valine ya maye gurbin wani mai suna glutamic acid a gurbi na 6 na sarƙar beta ta haemoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jar ƙwayar jini. Idan iskar oksijin ta yi ƙasa, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Jariri kuwa da HbF ake haifarsa, wato haemoglobin ɗin ɗan tayi, wadda ba ta da sarƙar beta. Sai ta ja baya wajen wata shida ciwon yake bayyana, galibi da kumburin hannu da ƙafa.

Abin da ba ki tambaya ba, amma zai same ki a aiki, shi ne yaron nan idan ya kai shekara 14. Balaga kan yi jinkiri, sa'o'insa su wuce shi tsawo, ya fara ɓoye maganinsa don kada a gani a makaranta. Miƙewar gaba mai zafi ba tare da sha'awa ba, in ta kai awa 4, ta gaggawa ce, amma kunya ba za ta bar shi ya faɗa gaban mahaifiyarsa ba. Ki roƙe ta ta ɗan ba ku wuri, ko ki kira namiji abokin aikinki. Ki tambaye shi ruwa nawa yake sha a zafin Afrilun Sakkwato, da abin da yake sawa da hunturu.

In za a yi wa yaro gwajin rukunin sikila, ki fara tambaya ko an ƙara masa jini cikin wata 3 da suka wuce, don jinin wani kan sa SS ya fito kamar AS.