Wanga ba laifinki ba ne, jikin kowane yaro da yadda yake karɓar magani

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi kuka. Kin ce ɗiyarki tana shan magungunan sankarar jini, mercaptopurine da methotrexate, idonta ya yi ɗorawa, ALT, wato awon jini da ke nuna wahalar hanta, ya hau, alhali yaron da suke jinya tare lafiyarsa lau. Haka aka yi da ɗana.

Likitarmu ta ce min hanta ce ke sarrafa maganin sankarar jini, kuma yadda take yi gado ne, rabi daga uwa rabi daga uba. Akwai TPMT, wani sinadari na jiki da ake gado, wanda ke narkar da mercaptopurine. In yana da rauni, jinin yaro ke faɗuwa, kuma kusan mutum 1 cikin 300 ba ya da shi sam. In kuma ya cika ƙarfi, dattin maganin ke taruwa ya wahalar da hanta. Akwai PNPLA3, wata ƙwayar gado, wanda masu bincike na asibitin St. Jude a Amurka suka gano yana sa ALT ya hau. Wani, UGT1A1, shi ke sa wasu yara saurin shawara.

Ni da na faɗi haka a gida, ƙanwar mijina ta ce ashe daga danginmu cutar ta fito. A gaban yaron ta faɗa, wallahi! Yana kwance bisa tabarma, fitsarinsa kamar shayi, ko kunu ba ya riƙewa, ita kuma ta shigo da jiƙo a gora tana cewa asibiti sun kashe shi. Na fita ɗebo ruwa ta ɗura masa. Kwana ya yi yana amai, ni na kwana riƙe da roba. Har yau ba ta ce min sannu ba, kuma har yau zuciyata ba ta sake ba.

Don Allah kar ki bari a ba ta sassaƙe ko jiƙo, ko daga hannun wa. Kar kuma ki tsayar da maganin da kanki. Likitoci ke duba bilirubin, wato sinadarin da ke sa ido ɗorawa, su rage ko su dakata, namu ragewa aka yi. Ki roƙi a gwada ta ciwon hanta na B. Paracetamol ma ki tambaya tukuna, in zazzaɓi ya taso ku tafi asibiti ko da dare ne.

Takardun gwajin nan ki adana su cikin leda ɗaya, ki riƙa zuwa da su. Ke ma ki ci abinci. Allah ya ba ta lafiya.