Amsa: Akwai Ba'amurken da ya yi suna da ginin ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a Amurka an taɓa samun mai zanen gine-gine da ya ɗauki ginin ƙasa da daraja. An samu kuwa. Nemi tarihin John Gaw Meem.

A Brazil aka haife shi a 1894, ya karanci injiniyanci a Virginia. Tarin fuka ne ya kai shi Santa Fe a jihar New Mexico a 1920 neman lafiya. Yana jinya ya ƙyalla ido ya ga gidajen laka na 'yan asalin yankin, mutanen Pueblo, da tsofaffin coci-cocin Sifaniyawa, abin ya shiga ransa. Nan ya zauna har rasuwarsa a 1983.

Aikinsa da na fi so shi ne cocin Cristo Rey da ke Santa Fe, wanda aka kammala a 1940. Mutanen unguwar da kansu suka kwaɓa ƙasa suka buga tubalin, suka shanya a rana. Bango mai kauri, ɗaki sanyi ƙalau da rana tsaka, kamar tsohon soro a cikin birnin Kano ko Zariya. Rufin ma shimfiɗaɗɗe ne a kan manyan itatuwa, sai ka tuna da azara.

Amma kada ka ɗauka duk gininsa laka ne. Ɗakin karatu na Zimmerman a Jami'ar New Mexico, na 1938, bulo da kankare ne aka yi wa siffar ginin ƙasa. Meem ne kuma ya jagoranci kwamitin da ya tsara dokar 1957 ta kare kamannin tsohon garin Santa Fe.