Tai chi ko damben zamani: wanne zan fara biya?

Tambaya: Ina tashi daga aiki da daddare, hanyar gidanmu kuma ba ta da tsaro. Kusa da mu akwai wurin koyon damben zamani da karate, sannan wani malami yana koyar da tai chi da sassafe. Kuɗina na wuri ɗaya ne. Wanne zan zaɓa, kuma ana iya haɗa su? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Ƙanena, ana haɗa su. Mutanen China sun kasa dabarun faɗansu gida biyu. Akwai na waje, irin na gidan ibadar Shaolin da ke lardin Henan, mai gina ƙarfi da saurin naushi da shuri, kamar yadda dambe da karate ke yi. Akwai kuma na ciki, wato tai chi da xingyi da bagua, masu horar da numfashi da sakin jiki da kafewar ƙafa. Asalinsu duka faɗa ne. Tai chi na gidan Chen ma ana jingina shi ga wani tsohon soja, Chen Wangting, a ƙarni na 17.

Amma tunda aljihu bai kai biyu ba, fara da inda ake sa safar dambe a gwabza da abokin horo. A 2017, a birnin Chengdu, wani ɗan damben gauraye (wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa) mai suna Xu Xiaodong ya kai wani malamin tai chi, Wei Lei, ƙasa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ni abin da na gani a wannan karawar shi ne mutumin da bai saba naushi na zuwa masa a fuska ba. Sabawa da naushi kake buƙata kafin komai.

Bayan wata shida ko shekara, sai ka je wurin malamin tai chi, ka tambaye shi ko ɗalibansa na yin tuishou, wato mutum biyu su haɗa hannu kowa na neman ture ɗan'uwansa. Duk wanda ya taɓa kokawa ya san amfanin wannan: ka ji inda nauyin abokin karawa ya karkata, kai kuma ba ka sandare ba. Idan ba sa yi, za ka ƙaru da lafiya da natsuwa, ba kare kai ba.

Kayan saye kaɗan ne: robar kare haƙori, bandejin naɗe hannu da safar dambe. Kada ka ba kowa ko sisi a kan bidiyon da ke cewa za ka kayar da mutum ba tare da ka taɓa shi ba.

Game da hanyar gida kuwa, don Allah ka nemi abokin tafiya ko ka hau Keke Napep. In an zaro maka wuƙa saboda waya, miƙa ta ka tsira da ranka.