Amsa ga ƙanena mai son karatun injin jirgin ruwa a Ankara, babban birnin Gana

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka kalli wani Bature da ya shiga teku shi kaɗai a ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, injinsa ya mutu, batir ya sauka, kana tambaya yaya ake fita daga wannan, kuma ko makarantar harkokin teku da ke unguwar Nungua a nan Ankara za ta koya maka.

Abin da ke kashe injin dizal a tsakiyar teku yawanci ba babban abu ba ne. Datti ne. Jirgi na tangaɗi, laka da ruwan da suka kwanta a gindin tanki su tashi su toshe filta. Sai ka ji injin yana shaƙewa, ya ja, ya saki, ya yi shiru. Ka canja filta, amma ba ka gama ba, don iska ta shiga layin mai. Sai ka sassauta ƙusar fitar da iska, ka yi ta danna ƙaramin famfon hannu har mai ya fito ba kumfa. A gareji aikin shan shayi ne. A cikin jirgi mai rawa, kanka a sunkuye, warin dizal na tayar maka da amai, ba mai miƙo maka sifana, nan ake sanin bakanike.

Na biyu zafi. Ruwan teku ne ke sanyaya injin, wata 'yar roba mai fukafukai ce ke jawo shi. Leda ta toshe mashigar ruwa, robar ta ƙone. In ka ga salansa ba ya tofar da ruwa, kashe injin nan take.

Amma mai irin wannan jirgi ba tafiya ce damuwarsa ba, iska na kai shi. Wuta ce. Injin ne ke cajin batir, batir ke riƙe da na'urar da ke tuƙi lokacin da yake barci. Ta mutu, sitiyari ya dawo hannunsa dare da rana, kuma rashin barci ya fi igiyar ruwa haɗari. Saboda haka firji ake fara kashewa, a bar fitilun da wasu jirage ke gani da rediyo a tasha ta 16, ta neman agaji. Batir mai volt 12 in ya sauko 12.2 ya ci rabi, a ƙyale shi sola ta ɗaga shi. Batirin tayar da injin kuwa a ware yake, ba a taɓa shi ko don cajin waya. Robin Knox-Johnston, ɗan Ingila da ya fara zagaye duniya shi kaɗai ba tsayawa tsakanin 1968 da 1969, kwana 312 ya yi, rediyonsa da na'urar tuƙinsa duk sun lalace a hanya, ya ƙarasa.

Maganar makaranta. Jami'ar harkokin teku da ke Nungua ƙasashe biyar ne suka kafa ta: Gana, Kamaru, Gambiya, Laberiya da Saliyo. Najeriya ba ta ciki, don haka ka nemi jadawalin kuɗin baƙi kafin Baba ya sayar da komai, ka kuma gwada shi da na makarantar harkokin teku ta Oron a Akwa Ibom. Injin manyan jirage za su koya maka, ba yawon mutum ɗaya ba, wannan wasan masu kuɗi ne, ba wanda zai biya ka albashi a kai. Kuma ka tambaye su tun farko yadda ɗalibai ke samun jirgin da za su yi horo a kai, don ba a ba da takardar ƙwarewa sai da watannin teku, nan yara da yawa ke maƙalewa.

In ka zo, masauki ba matsala, muna da mutane a Ashaiman. Ranar Asabar in kai ka tashar masunta ta Tema ka kama sifana. Kafin nan ka liƙe wa mai gyaran janareton dizal na unguwarku, ka gaida Inna.