Filin Malamin Daji: Itacen Kanada a Gonar Daura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Kanada ya ba ni labarin wani itace wai shi elm, irin da suke kira Dropmore. Ya ce sanyi ba ya yi masa komai, kuma yana tare iska. Gonata tana hanyar Mai'adua, duk shekara iskar hunturu sai ta kwashe mini ƙasa. In sa ya aiko da irin? Daga wani manomi a Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sa yaron nan asarar kuɗin aike.

Bai yi maka ƙarya ba. Asalin itacen daga Saiberiya da Mongoliya da arewacin Sin yake. Wani mai renon itatuwa, Frank Skinner, shi ya shuka irin da aka samo daga birnin Harbin na ƙasar Sin, a garin Dropmore na lardin Manitoba da ke Kanada, sunan garin kuma ya bi itacen. To amma sanyin can ba irin namu ba ne na hura wuta da asuba ana rawar ɗari. Yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, kogi ya daskare har a taka. Sai itacen ya kaɗe ganyensa kaf, ya yi barci wata da watanni. Barcin nan kuwa buƙatarsa ce: in sanyi bai ratsa shi ba, ba ya toho yadda ya kamata. Jaurar da ke hana mu wankan safe, a wurinsa ɗumi ce. Sannan ga zafin Afrilu na jiransa, digiri 40 har da ɗoriya.

Ko a Amurka, inda aka dasa danginsa da yawa don tare iska a shekarun 1930, suna kuka da shi: reshensa da saurin karyewa, ga yaɗuwa kamar ciyawa.

Bedinmu ya ishe ka. Jera shi layi biyu ko uku a gefen arewa maso gabas, ta inda iskar ke shigowa, ban da tsakiyar gona, don inuwarsa na danne gero. Gawon da ya fito da kansa kuma bar shi, shi da damina yake zubar da ganye. Ka dasa bedin a watan Yuli in ruwa ya zauna, ka yi wa kowane shinge da ƙaya. Shekarar da na fara aikin daji na yi sakaci da shingen nan, kafin kaka awaki sun cinye mini layi guda.