Nas ta ce a ƙara ganye, kuɗin cefane kuma bai ƙaru ba

Tambaya: Salamu alaikum Hajiya, ni a unguwar Nima ta Accra nake, yarana huɗu. Na kai autana awo nas ta ce jininsa ya yi ƙasa, in riƙa ba su kayan lambu, toh da na ji kuɗin kabeji da karas da koren tattasai wallahi sai na juyo gida hannu biyu. Ya zan yi dan Allah?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Wai wa ya ce miki kayan lambu sai kabeji da karas? Ayoyon da kike kaɗawa a ci da tuwo fa, shi ba ganye ba ne? Ga alayyafo, ga yakuwa, ga kontomire wato ganyen gwaza, ga zogale, ga kuɓewa da gauta, duk suna nan zube a kasuwar Nima ran Laraba, kuma in maganar ƙarin jini ake yi ganyen nan masu duhun kore sun fi kabeji nesa ba kusa ba, mu ne dai muke raina su saboda ba a yanka su a kan firaid rais ran biki.

Matsalarmu ba rashin ganye ba ce, yawan da muke sakawa ne. Ƙulli ɗaya a tukunyar mutum bakwai, sauran duk ruwa da manja da magi. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi babban mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan har da wanda ke cikin magi, kuma Ghana ma ta fitar da nata tsarin cin abincin a 2023. Toh ki rage dunƙulen magi, ki koma daddawa da dakakken busasshen kifi, canjin da ya rage ki ƙara ƙulli biyu. Ki je da yamma lokacin da masu ganye ke son kwashe kaya su tafi, ganye ba ya kwana, za su yi miki gyara.

Sai dahuwa, nan ne nake faɗa da mata kullum. Kanwar da ake zubawa a ayoyo don ya yi yauƙi tana kashe wani sashe na amfaninsa, ki sa 'yar kaɗan ko ki bari gaba ɗaya. Alayyafo a ƙarshe ake zuba shi, ya ɗan risina a sauke. Kontomire ne kawai sai ya dahu sosai in ba haka ba ya yi ƙaiƙayi a maƙogwaro. Shi kuma auta ki haɗa masa da wake ko kifi ko ƙwai, ki ba shi lemun zaƙi bayan abinci, shayi kuma ki nisanta shi da lokacin cin abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. In an rubuta masa magani a asibiti ki ba shi, miya ba ta maye gurbinsa.

Tambaya: Hajiya ni gwauro ne a unguwar Maamobi nan Accra, safe koko da ƙosai, rana waakye wato shinkafa da wake, dare Indomie. In sayi tukunyar gas ko in ci gaba da saye a titi?

Amsa: Ɗana sayi. Ƙaramar nan mai kilo 6 da ake ɗora murhu a kanta ta ishe ka, amma a baranda za ka kunna, ba cikin ɗaki a rufe ba. Ka lissafa abin da kake kashewa a titi sati ɗaya kawai ka gani da idonka. Fara da wake, ka jiƙa shi da dare ya rage maka cin gas, ka zuba alayyafo da albasa a kai. Indomie ɗin ma ban hana ka ba, sa rabin garin da ke cikin ledar, ka yanka ganye cike da hannu biyu. In kuma ka sayi latas ka wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsafta da ɗan binega, don wasu lambunan cikin Accra da ruwan gota ake musu ban ruwa.